Talata: "borin" da aka hau jirgi da shi

Yau da ƙyar na samu Keke daga Tudun Wada, na isa Samaru Malam har ya shiga aji. Wani tsohon bidiyo ya kunna mana, marar launi: maza da mata ƙafa ba takalmi, suna murɗa jiki suna zubewa ƙasa kamar masu ciwon ciki. Wata a bayana ta ce, "Malam, wannan ai bori ne." Aji ya kwashe da dariya, har da ni.

Malam ya bari muka gama, sannan ya ce wannan borin rawar zamani ce ta Amurkawa, kuma gwamnatin Amurka ce ta biya masa kuɗin jirgi. Zamanin yaƙin cacar baka ne, Tarayyar Sobiyet na tinƙaho da 'yan rawarta, Amurka ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. A 1954 ta tura ɗan rawa José Limón Kudancin Amurka, a 1955 'yar rawa Martha Graham ta zaga ƙasashen Asiya. A 1967 kuma ƙungiyar rawa ta Alvin Ailey, shi baƙar fata ne, ta zo Afirka. Nan ne abin ya tsaya min a rai. Shekara uku kacal da sa hannu kan dokar hana wariyar launin fata a can, 'yan'uwansu na kan titi suna neman haƙƙinsu, su kuma an aiko su su wanke wa gwamnati fuska a wajenmu. Amma sun iya rawa, wannan kam ba ja.

Da magariba na ba Kawu labari. Ya gyara zama ya ce, "Ke, mu ma ai mun yi." Ya ɗauko zancen FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, yadda ya je Kaduna kallon hawan daba, baƙi daga ƙasashe sun cika gari, 'yan rawa da makaɗa su ne fuskar Nijeriya. Har da kwatanta min rawar koroso daga zaune, Inna na leƙe tana dariya.

Ganin ransa fari, sai na ce, "Kawu, ana neman 'yan rawa a wasan ƙarshen zango, na ba da sunana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Rawa? 'Yar gidan nan?"

Ya miƙo min buta ya ce in zubo masa ruwan alwala.