Ziyarar Abokai a Alkahira

Abokan da muka yi makarantar Islamiyya tare a Tudun Wadar Kaduna sun daɗe suna karatu a Jami'ar Azhar, kuma sun daɗe suna yi mini gorin rashin zumunci, har dai na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, daga can na tashi zuwa Masar. Sun sauke ni a Madinatu Nasr, unguwar da ɗaliban ƙasashen waje da yawa suke haya, suka ce mini tun a daren farko: "Malam, a nan ƙafa ce motarka."

Da dalar Giza muka fara, domin babu baƙon da zai dawo gida a tambaye shi ya ce bai je ba. Babbar dalar Fir'auna Khufu ta haura shekara 4,500, kuma tsayinta ya kai mita 146 lokacin da aka gama ta. Girmanta abin mamaki ne, amma masu raƙuma ba sa barin mutum ya natsu ya kalle ta, kuma ba don abokaina sun iya Larabcin Misirawa ba, da na biya ninkin kuɗin hawa.

Tsohuwar Alkahira ce ta fi kama mini zuciya. Ni da na tashi a Kaduna, garin da ya zama hedikwatar Arewa a 1917, sai ga ni ina sallah a masallacin Azhar wanda Faɗimiyyawa, masu mulkin Masar a lokacin, suka aza harsashinsa a shekarar 970, kuma har yau bayan sallah ɗalibai suna zagaye malami a ƙasa, kowa da littafinsa a cinya. Masallacin Ibn Ɗulun ya ma girme shi, domin a 879 aka kammala shi. Matakalar hasumiyarsa ta waje take zagayawa, kuma wanda ya daure ya hau zai hango ganuwar da Salahuddin Ayyubi ya fara ginawa a 1176. A ganina, wanda ya je Masar ya tsaya a dala kaɗai bai ga rabin abin da ya biya kuɗin jirgi dominsa ba.

Abin da ya dame ni shi ne ɗawainiya. Aljihun ɗalibi ba shi da nauyi, amma kunya ba ta barinsa ya ga baƙo yana zaro kuɗi, saboda haka sai da muka yi ta ja-in-ja a kan kuɗin koshari, abincin nan na shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa. Daga baya na gane cewa in na yi musu cefanen gida, shi ne abin da ba sa iya mayar mini.

Kasuwar Khan al-Khalili kuwa ratsawa kawai muka yi, muka shige shagunan littattafai da ke bayan Azhar, inda saƙonnin malaman Kaduna suka cinye rabin nauyin kayan da jirgi ya yarje mini.