Buhu ɗaya na yuriya, gona biyu

Ina da fangalan shinkafa a fadamar Argungu, ina kuma da jigawa a tudu inda nake gero da 'yar masara. Takin yuriya da nake zuba musu iri ɗaya ne, buhu mai kilo 50, kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne. Amma kowace gona da yadda take cin nata.

A fadama ruwa ne mai hukunci. In ka watsa yuriya fangali na cike, rana ta ƙwalle, wani kaso zai zama iskar amoniya ya bi sama, wani kuma ya bi ruwa ya faɗa gonar maƙwabci. Don haka nake rage ruwa har sai ƙasa ta zama taɓo, in watsa da la'asar, in bi da ƙafa ina tattaka shi cikin laka. Sai ya kwana biyu nake tayar da injin ban ruwa. Kuma ba na juye shi lokaci guda. Shinkafar Faro 44 na fi yi: kamfa (takin da ya haɗa naitirojin, fosforos da fotash) wajen dashe, yuriya idan ta soma fitar da 'ya'ya a gindi, ragowar kuma in ta fara ɗaukar ciki. Wanda ya labta mata fiye da kima zai sha kallon kore shar, sai iska ɗaya ta kwantar masa da ita.

Hunturu ma yana ruɗar mutane. Dashen Janairu kan tsaya cik, ganye ya yi ɗorawa, don saiwa ba ta jan abinci sosai cikin sanyi. Wani dattijo da muke iyaka ya leƙo ya ce, "Malam, yunwa take ji, ƙara mata." Na ce, "Baba, mu jira gari ya ɗumama." Kuɗin buhu a yau ba abin zubar wa shukar da ke barci ba ne.

Jigawa kuwa rairayi ne, ba ta riƙo. Markar Agusta kan wanke naitirojin ya nutse inda saiwa ba ta kai. A can tono nake a gefen shuka, tazarar yatsu huɗu, in zuba kaɗan in rufe, kuma sai ƙasa na da danshi. Inda Fulani suka kwana da shanu da rani, ko inda wake ya fita bara, nan masara ta fi amsa taki. Gefen da ba ya samun kamfa kuwa, ko na ninka yuriya kara sirara yake fitowa, saboda fosforos ne ya gaza.