Abin da fitila ɗaya ta koya mini game da murjani

Yanzu da nake shirin barin ɗakin gwaje-gwajen nan, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarar da muka yi asara saboda fitilar da na bari a kunne. Ƙaramar farar LED ce, na maƙala ta kusa da tankunan da muke renon murjani, wata halittar teku mai rai mai rassa, domin in riƙa ganin ma'aunin zafin ruwa idan na zo dubawa da dare, kuma ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Da hasken wata murjani yake lissafin kwanakinsa. Jinsin Acropora da muke reno yakan saki ƙwai da maniyyi a lokaci guda, sau ɗaya a shekara, 'yan kwanaki bayan cikar wata. Bayan daren sha huɗu wata yakan makara wajen fitowa, kuma duhun da ke tsakanin faɗuwar rana da fitowarsa yana cikin alamomin da murjani yake jira. Tun 2007 aka gano cewa jikinsa yana da furotin mai jin shuɗin haske, farar LED kuwa cike take da shuɗi, wanda ya fi sauran launuka ratsa ruwan teku. Duk wannan na karanta shi, har jarrabawa na ci a kansa, amma ban taɓa danganta shi da fitilar da na maƙala da hannuna ba.

Da lokaci ya yi, murjanin da ke kusa da fitilar ya saki ƙwai a warwatse, wani yau, wani bayan kwana biyu, kaɗan ne ƙwarai suka haɗu da maniyyi. Binciken da aka yi a mashigin Aƙaba na Bahar Maliya ya nuna cewa hasken dare yana raunana ƙananan gansakukan da ke zaune cikin jikin murjani suna ciyar da shi, kuma na ga rassan namu sun koɗe.

Shugaban sashenmu ya rubuta sunana ni kaɗai a rahoto, alhali wata huɗu yana wucewa ta gaban fitilar kowace yamma bai ce uffan ba. Na amsa laifina, amma har yau abin yana yi mini ciwo.

Wanda zai gaje ni ya riƙa rubuta duk canjin da ya yi a ɗakin, komai ƙanƙantarsa. Baƙin labule da jar tocilar da na kawo daga baya sun zama ƙa'ida, shekarar da ta biyo baya kuwa tankunan suka saki ƙwai a dare ɗaya. A rahoton shekarar nasarar ba a ambaci sunana ba.