Kada ka yanke jinga da kunne

Aikin farko da ya koya mini hankali a sana'ar wanke daɓe da bango da injin feshin ruwa, a waya na karɓe shi. Mutumin ya ce harabar gidansa ba ta da wani girma, ƙura ce kawai da ɗan datti. Ni kuma a lokacin injin sabo ne, zuciyata na ɗokin aiki, sai na faɗi kuɗi nan take don kada ya kira wani. A raina na ce awa 3 sun isa. Da na je, na tarar da fili mai kusan murabba'in mita 200, gefen da rana ba ta kaiwa duk gansakuka ta kama, wurin ajiye mota kuma baƙin mai ya shekara yana ɗiga. Awa 7 na yi. Da na cire kuɗin fetur da na sinadari da na yaron da ya taimaka mini, abin da ya rage bai kai a faɗa ba. Kuma ban isa in ce a ƙara ba, tunda bakina ne ya yanka.

To, ƙanena, gani ya kori ji. Ka je da tef ɗin awo. Idan nisa ya hana, a turo maka hotuna da bidiyo, ka kuma faɗa ƙarara cewa wannan ƙiyasi ne, jinga sai ka taka wurin da ƙafarka. Mai gida ba ƙarya yake maka ba idan ya ce wurin ƙarami ne, shi kullum yana ganinsa, idonsa ya saba.

Bayan wannan sai na koma lissafi da murabba'in mita, ina ganin na gano bakin zaren. Nan ma na sha kashi, domin mita da mita ba ɗaya ba ne. Siminti mai santsi, idan kana da faifan nan mai juyawa da ake turawa a ƙasa, kafin ka ankara ka gama. Interlok kuwa wani abu ne daban: ruwan yana kwashe yashin da ke tsakanin duwatsun, sai ka jira ya bushe ka dawo ka sake zuba yashi, wato zuwa biyu a kuɗin zuwa ɗaya. Katako ba ya son ƙarfi, ka matsa masa sai ya yi gashi-gashi. Bango mai fenti ko rufi, maganin gansakukarsu bilic ne, sinadarin nan mai cire tabo a fararen kaya, da aka tsarma da ruwa, a fesa a hankali, a ba shi lokaci ya ci, sannan a ɗauraye. Tabon mai na son sinadarin narkar da maiƙo, tsatsa kuma na son nata daban, irin su asid ɗin oksalik. Kowanne da kuɗinsa, kowanne da lokacin jiransa. Abin da kake sayarwa a gaskiya lokacinka ne da na injinka. Awon fili hanya ce kawai ta sanin awa nawa za ka yi.

Kuma awannin ba na riƙe bindigar feshi kaɗai ba ne. Akwai tafiya da dawowa, sauke kaya, jan tiyo, kawar da tukwanen furanni da kujeru, rufe soket ɗin lantarki, jiƙa shuke-shuke kafin bilic ya taɓa su, naɗe tiyo a ƙarshe. Da na fara rubuta lokacin isa da na tashi a ɗan littafi, na ga a yinin awa 8 da ƙyar nake feshi na awa 5. Shi ya sa na sa mafi ƙarancin kuɗin da zan ɗauko inji a kansa, ko da matakala uku ce za a wanke. Wahalar lodi da saukewa ba ta san ƙaramin aiki ba.

Ruwa ma ya taɓa kunyata ni. Injina na shan lita 15 a minti, wato lita 900 a awa. Na je wani aiki ban tambayi ƙarfin famfon gidan ba, ashe rabin haka yake bayarwa. Injin ya riƙa shaƙewa yana jan iska, abin da ke kashe famfon inji da wuri, ni kuma ina tsayawa ina jiran tanki ya cika. Yanzu bokiti mai lita 20 nake sawa a ƙarƙashin famfo in duba agogo. Idan bai cika cikin daƙiƙa 80 ba, na san sai na zo da ruwa ko na yi ta jira, duka biyun kuma suna shiga lissafi. Ka duba har inda ruwan dattin zai bi ya fita. Idan babu magudana, kai ne za ka kore shi da tsintsiya.

Kuskuren da ya fi daɗewa tare da ni shi ne ɗaukar injin kamar kyauta yake aiki tunda na riga na biya kuɗinsa. Baƙin mai, robobin famfon inji, tiyo da ke fashewa, kan feshi da ke buɗewa da amfani har ƙarfin ya ragu, duk suna ci a hankali. Ranar da famfon injin ya tsaya, ba ni da ko sisin gyara, alhali wata da watanni ina ganin riba nake ci. Ashe injin nake ci. Ka raba kuɗin injin da awannin da kake sa ran zai yi, ka ɗora a kan kowace awa, ka ware shi gefe.

Sai lissafin ribar kanta, wanda na ji kunya da aka nuna mini. Idan aiki ya ci 100 ka ɗora 20 ka karɓi 120, ribarka ba kashi 20 cikin 100 ba ce, kusan kashi 17 ce na abin da ka karɓa. In kana son kashi 20, sai ka ce 125. A kan 125 ɗin nan, ragin kashi 10 da za ka yi don a ji daɗi 12.5 ne, rabin ribar 25 ke nan ya tafi. Idan aka matsa maka da ciniki, ka rage aikin: a cire katanga, a bar haraba.

Yau duk jingar da na yanka tana kan takarda, ko da saƙon waya ne: wuraren da za a wanke, wanda zai kawo ruwa, wanda zai kawar da kaya, kafin alƙalami nawa ne. Akwai layi ɗaya da ba na tsallakewa, wanda na ƙara bayan wata baiwar Allah ta riƙe mini rabin kuɗi saboda inuwar mai da ta rage a siminti: tsohon tabon mai zai yi haske, amma ban yi alƙawarin zai ɓace ba.