Aladen da Ke Dariya a Cikin Tukunya

Numfashi ne ya fara yi mini maraba a birnin Meziko. Bene hawa biyu kacal na hau da jakata a masauki, sai ga ni ina haki kamar wanda ya yi dakan buhun gero shi kaɗai. Mai masaukin ya dube ni ya yi dariya, ya nuna sama da yatsa. Garin a kan tudu yake, mita 2,240 daga teku. Jos da muke kuri da tsayinta da kaɗan ta wuce rabin haka.

Kwas na mako biyu ya kai ni ƙasar, a CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama da ke Texcoco, gabas da birnin. Ni malamin gona ne, na tsufa a gonakin masara tsakanin Funtuwa da Bakori, amma sai a can na tsaya a gaban teosinte, wata ciyawa mai 'yan ƙwayoyin da ba su kai goma sha biyar ba, aka ce mini ita ce kakar masara, mutanen kudancin Meziko suka yi ta zaɓen irinta tun wajen shekara 9,000 da suka wuce. A rumbun cibiyar akwai samfurin masara wajen 28,000: fara, ja, rawaya, baƙa, shuɗiya, har da mai rodi-rodi kamar zabo. Da aka rufe kwas saura kwana huɗu jirgina ya tashi, sai na tattara na shiga cikin gari. A cibiya akwai ɗakin cin abinci, akwai tafinta. A gari babu ko ɗaya, kuma jarina a Sifaniyanci bai wuce "gracias" da "agua" da "sin puerco" ba, wato na gode, ruwa, ban da alade.

Baƙo ko da ido makaho ne. Amma a wannan gari akwai masu yi wa makaho jagora, su ne masu zanen rumfuna. Sau da yawa mai sayar da abinci a bakin titi yana da rumfar kwano, kuma a jikinta an zana abin da ke cikin tukunyarsa da fenti da buroshi, da manyan haruffa masu inuwa, ja da rawaya da shuɗi. Suna kiran wannan zane rótulo. Da ganinsa na tuna bayan manyan motocinmu na katako, masu zaki da dawisu da "Allah ya kiyaye hanya". Wanda ya fi yawa shi ne alade zaune cikin tukunya a kan wuta, yana dariya har kunne, wani lokaci ma da hular kuku a kansa. Ban san abin da ke ba shi dariya ba, amma ya yi mini rana. Duk inda na hango shi sai in tsallaka titi. Inda aka zana kifi ko jatan lande da tabarau, in matso. Inda aka zana zangarniyar masara, in zauna.

Da haka na ci tako na farko, na kifi. Ga wanda bai taɓa gani ba, tako ba wani abu ba ne illa tortiya, wata 'yar fankasun masara mai faɗin tafin hannu, ba yisti ba mai, a ɗora mata abin haɗi a naɗe. Yawanci biyu ake haɗawa don kada ta yage. Mai sayarwa ya dube ni ya ce, "¿Con todo, joven?" Daga baya na gane yana tambaya ne ko a sa komai, wato albasa da wani ganye mai ƙamshi da suke kira silantiro. "Joven" kuwa saurayi ke nan, kuma kowa saurayi ne a bakinsu, har ni da furfurata. Ya miƙo farantin roba da aka sa wa leda, in ka gama a zare ledar a sa sabuwa, an huta da wanke-wanke. A gaban rumfar ga lemun tsami a yanke, ga miya iri biyu, ja da koriya. Na ce a raina ai koriya ganye ce, na zabga cokali biyu. Rashin sani ya fi dare duhu. Ni da nake cin tsire da yaji har in nemi ƙari, sai da hawaye ya zubo mini, wani magini da ke gefena ya miƙo mini lemun tsami da gishiri yana girgiza kai. Barkono ɗan garinsu ne, su suka ba duniya shi, har da tumatir, don haka ba a yi musu gadara.

A tsaye ake ci. Mai kwat da jakar ofis, ɗan sanda, 'yan makaranta, mai shara, duk an jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya karkatar da kai gefe guda don kada romo ya ɗiga a riga. Duk wanda ya zo wucewa ta kusa da kai sai ya ce "provecho", a ci lafiya, ko bai taɓa ganinka ba. Ba a biya sai an ƙoshi. In ka gama mai rumfa ya tambaye ka nawa ka ci, abin da ka faɗa shi zai karɓa. Na ce huɗu, alhali ban tabbata ba ko biyar ne, sai na koma na ƙara masa kuɗin ɗaya. Ya ɗauka wani nake so, ya sake zuba mini.

Kwana na biyu jagorana ya ɓace. Na shiga wasu titunan tsakiyar gari na tarar da rumfuna a jere, duk farare fat, kowace da tambarin hukuma iri ɗaya. Ba alade, ba kifi, ba komai. Wani abokin kwas ɗan garin, wanda ya zo ya zagaya da ni da yamma, ya ba ni labari. A 2022 shugabar ƙaramar hukumar Cuauhtémoc ta lokacin, Sandra Cuevas, ta sa aka shafe zanen rumfunan yankinta da farin fenti da sunan tsafta da tsari. Mutane suka yi ca, masu zane da 'yan jarida da masu cin tako, aka shiga tattara hotunan tsofaffin zanen a intanet don kada su ɓace gaba ɗaya. Abokina yana magana jijiyar wuyansa na tashi, kai ka ce gidansu aka rushe. Ni dai a ranar na gane asarar a cikina, don na wuce rumfa ta kai goma ina leƙen tukwane kamar ɓarawo. Na tsaya wajen wani mai keke da kwando lulluɓe da shuɗiyar leda, na nuna tako na wake, na ce "sin puerco". Ya gyaɗa kai, har ya ɗauko, sai wata mata da ke jiran canji ta tare hannunsa ta ce da ni, "Manteca." Kitsen alade ke nan, da shi ake soya waken. Kalmata ta huɗu, kuma ta fi sauran amfani.

Abokin nawa ya kai ni tsohon ginin ma'aikatar ilimi, kusa da babban dandalin Zócalo, ya ce in zo in ga inda abin ya samo gindin zama. Bayan juyin juya halin da ya fara a 1910, mafi yawan jama'ar ƙasar ba su iya karatu ba. Ministan ilimi José Vasconcelos ya ba masu zane bangon gine-ginen gwamnati ya ce su ba talaka labarin ƙasarsa. Diego Rivera ya yi daga 1923 zuwa 1928 yana cika farfajiya biyu na ginin nan, hawa uku, da zane sama da ɗari. Ga masu haƙar ma'adinai ana caje su a bakin rami, ga malamar ƙauye tana koyarwa a fili a ƙasa, ga kasuwa, ga bikin masara. Ban karanta ko harafi ɗaya ba, kuma ban nemi tafinta ba. Na daɗe a wajen kasuwar, don matan da ke ciki, da kwandunansu da zamansu, su na baro a bakin titi rabin sa'a da ta wuce. Ra'ayina, wanda abokina bai so ba da farko, shi ne mai zanen aladen nan da Rivera aiki ɗaya suke yi, sai dai ɗaya ana kawo masa baƙi da kyamara, ɗaya kuma an aiko masa da farin fenti.

Bangon garin ba duka ne na ado ba. A babban titin Reforma akwai wani jan ƙarfe da ya fi mutum tsayi, an yi shi da siffar +43, don ɗalibai 43 na kwalejin horon malamai ta Ayotzinapa da aka ɓatar a watan Satumba na 2014. Fuskokinsu suna nan a bango nan da can. Wanda ya fito daga inda na fito ba ya bukatar a yi masa bayanin iyayen da ke riƙe da hoton ɗansu. Na wuce ban ɗauki hoto ba.

Da dare muka bi ta gaban masu tako al pastor, wanda shi ne sarkin tako a birnin. Nama ne aka jera a tsinken ƙarfe a tsaye, ya yi tumbi kamar katantanwa, yana juyawa a gaban wuta, da abarba a samansa. Mai yanka ya shafto nama a tortiya, ya kai wuƙa sama ya fizgo ɓallin abarba, ya tare shi a iska. Na ce ai wannan shawarma ce. Abokina ya ce ita ce. 'Yan Labanan da suka yi hijira zuwa Meziko suka zo da ita, ta kafu a Puebla wajen shekarun 1930, 'yan gari suka sauya rago da alade, suka sauya burodin Larabawa da tortiya. Wato dangin Kwarorin da suka sauka Kano ne, jirgi ya bi da su wata hanya. Na ci da ido, na sha ruwa. Ruwan ma labari ne: a cikin manyan tulunan gilashi ga wani ja wur, na kurɓa, zoɓo ne, ba ko tantama, sai dai ba citta ba kanumfari. Agua de jamaica suke ce masa, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina. Tulun da ke kusa da shi na tsamiya ne.

Ranar Juma'a na yi salla a wani gida da aka mayar masallaci. Bayan an sallame wani ɗan ƙasar da ya musulunta ya tambaye ni, da Turancinsa mai ɗingishi, ko na ci nama tun zuwana. Na ce kifi da dankali da furen kabewa. Ya kama baki. Ya ce, "Ɗan'uwa, Lahadi ka zo gidanmu, da hannuna nake yanka." Jirgina na daren Lahadi ne, na amsa.

Gidansu yana Iztapalapa, yankin da ya fi kowane yawan jama'a a birnin, mutum miliyan 1.8, kuma mai fama da ƙarancin ruwa. Hanyar zuwa ita ce Cablebús, wasu akwatunan gilashi masu rataye a waya da aka buɗe a 2021, tafiyar kilomita 10.6 a kan peso 7, kuɗin ƙasar. Na shiga ina karanta duk addu'ar da na sani. Da muka ɗaga sama na manta da tsoro. Rufin gidajen na siminti ne, shimfiɗaɗɗe, kuma hukumar yankin, a zamanin shugabarta Clara Brugada, ta sa an zane dubban bango da rufi. Fuskar tsohuwa da ta cinye rufin gida guda, tsuntsu mai dogon baki yana shan fure, yarinya da safar dambe, zangarniyar masara mai launi bakwai, duk a tsakanin baƙaƙen tankunan ruwa da igiyoyin shanya da karnuka masu haushin sama. Talaucin yana nan, fenti bai rufe shi ba. Amma unguwar da aka saba jin sunanta a labarin 'yan sanda, yau mutane na biyan kuɗi su zo kallonta.

Na tarar an buɗe ramin. Tun daren Asabar suka hura wuta a ciki har duwatsu suka yi ja, suka sa tukunya da shinkafa da wani wake mai kama da gurjiya a ƙasa, suka jera naman rago a sama, suka lulluɓe da ganyen maguey mai kaurin fatar sa, suka rufe. Barbacoa ke nan, girkin mutanen jihar Hidalgo, inda iyayensa suka fito. Naman ba ya bukatar wuƙa, taɓa shi ka yi ya saki ƙashi. Romon da ya ɗiga cikin tukunya shi ake fara sha. Balangu ya yi haƙuri.

Mahaifiyarsa, Kirista ce da giciye a wuya, tana zaune gaban faifan ƙarfe tana tafa ƙullun shuɗiyar masara tsakanin tafukanta. A nan malamin gona ya motsa. Na tambaya yadda ƙullun masara zalla yake kama jikinsa haka, namu kuwa sai ya wargaje. Ta nuna mini bokiti. Ana dafa masarar da ɗan farar ƙasa, a bar ta ta kwana a ruwan, a wanke, a niƙa da danshinta. Farar ƙasar ke saɓule dusa, ta sa ƙullu ya yi danƙo, ta kuma saki sinadarin niyasin da jiki ba ya iya samu daga masara in ba haka ba. Masara ta tsallako teku ta zo mana, dabarar ta tsaya a gida. Na rubuta awon a bayan tikitina.

Bayan na ci bakwai, wannan karon na ƙirga, ɗan ya ce nasu rufin ma an zana. Muka hau ta wani tsani. Ban ga komai ba sai faci-facin rawaya da kore a ƙarƙashin takalmina, da tanki a tsakiya. Na leƙo na tambayi Mama me aka zana. Ɗan ya fassara, ta amsa ba ta ɗago daga faifan ba. Ta ce ita ma sai da ta biya peso 7 ta hau waya sannan ta gani: zakara ne, kuma an yi masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ta naɗe tortiya goma sha biyu a tsumma, ta ce in sa a jaka, abincin jirgi ba abinci ba ne.