Kunamar bindiga da numfashin kurtu

Ranar da aka fara kai mu filin harbi a Dafo na Zariya, inda ake horar da kuratan soja tun 1924, hannuna rawa yake yi kamar mazari. Na taso ina jin harbi ƙarfin zuciya ne. Ashe natsuwa ce.

Kofur ɗinmu ya sa na kwanta rub da ciki, ya tura gindin AK-47 cikin kafaɗata da ƙafarsa, ya ce, "Kurtu, kafe ta nan, in ka sake ta za ta mare ka." Kuncina na kan katakon, ƙura na shiga hancina, allon saiti can mita 100. Harsashi biyar na farko, ko ɗaya bai taɓa allon ba. Na fizgi kunamar ne, bakin bindiga ya karkace.

Sai ya durƙusa kusa da kunnena. Ya ce in saki rabin numfashi, in riƙe sauran, in matsa kunamar a hankali har ƙarar ta zo mini ba zato. Wallahi a zagaye na uku ramuka uku suka haɗu wuri guda, tafin hannu zai rufe su.

Ranar faretin yaye, wani yaro daga Gashuwa, ɗan mafarauci, shi ya karɓi kyautar gwanin harbi. Na yi masa murna har raina, don na ga yadda yake tashi da asuba yana goge bindigarsa alhali muna barci. Ni kuwa takardar allon nan mai ramuka uku tana cikin akwatin Inna har yau, ta naɗe ta cikin tsohon ɗankwalinta.