Duro ɗaya, tiyo da tukunya: ban-ruwan lambun gida a rani

Daga Oktoba zuwa Mayu, mai lambu a Kano ko Maraɗi ba ya sa ran ruwan sama. Mutanen Kalifoniya da kudancin Sifaniya ma suna fama da irin wannan, sai dai su ruwansu lokacin sanyi yake sauka, lokacin zafi kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Dabarar da ta fisshe su za ta fisshe mu: ban-ruwan ɗigo, wato a kai ruwa gindin shuka kaɗan-kaɗan, a daina malala shi a fili. Ruwan da aka kwarara a fangali da tsakar rana, wani rana ta shanye, wani ya zarce ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, wani kuma ciyawa ya raya.

Lissafin ba wuya. Ganye da tumatir da suka girma kan sha kimanin lita 5 a kowace murabba'in mita a rana, a tsakiyar bazara kuwa, Maris da Afrilu, ya kan haura zuwa 7. Ke nan duro mai lita 200 zai riƙe wajen murabba'in mita 40 a yini. Masu sayar da ƙaramin saitin ɗigo mai amfani da bokiti a madadin duro kan ce lita 20 safe da yamma ta wadatar da layi biyu masu tsawon mita 15. Gaskiya ne muddin dashen yana ƙarami. Da tumatir ya fara fure, sai an cika bokitin nan sau uku ko huɗu.

A ɗora duron a kan dakali ko ƙarfe mai tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tsayin nan shi ne injinka, shi ke tura ruwan. A huda duron kamar yatsa huɗu sama da gindinsa, ba a gindin kansa ba, don laka ta samu wurin kwanciya. Daga nan famfo, sai matata, sai babban bututu da ke ratsa kan kunyoyi, sannan siraran tiyo na ɗigo masu ƙofa a kowace santimita 30. Kada layi ya wuce mita 15 zuwa 20, domin ƙarfin ruwan kaɗan ne. Idan ya yi tsawo, shukar farko ta ƙoshi, ta ƙarshe ta yi yaushi. Haka ma idan filin yana da tudu da kwari, don haka a baje shi tun kafin a shimfiɗa tiyo. Ƙofofin su kalli sama. Mutane da yawa kan kifa su ƙasa wai don ruwa ya fi saurin fita, alhali duk dattin da ke cikin tiyo a ƙasan yake taruwa.

Abin da ke kashe wannan tsari dai toshewa ce, kuma kusan duk wanda ya ce ya gwada bai yi ba, nan ya faɗi. Ruwan rijiya da na rafi na ɗauke da yashi. A ɗaura ƙyalle a bakin duro lokacin zubawa, a bar ruwan ya kwanta kafin a buɗe famfo, a wanke matata kullum. Idan rana na shiga duron, gansakuka za ta fito, saboda haka a rufe shi, farin duro kuma a shafe shi da fenti. Wasu rijiyoyin burtsatse na barin farin ɓawo ko jan tsatsa a bakin ƙofofi. Don rage toshewa, a kwance ƙarshen kowane layi sau ɗaya a mako, a bar ruwa ya fita har ya yi garau, sannan a lanƙwashe a ɗaure. Kada a zuba ruwan taki na dabbobi a duron. A kwana biyu zai liƙe komai. Ɓera da gafiya kuma kan ɓula tiyo don ƙishirwa, shi ya sa ajiye musu ruwa a kasko can gefe ya fi facin kullum sauƙi.

Irin ƙasa ma na da ta cewa. A jigawa ruwan ɗigo miƙewa yake yi ƙasa siriri kamar karas, don haka a ba da kaɗan sau biyu, sassafe da bayan la'asar. A ƙasar laka kuwa bazuwa yake yi kamar albasa, sau ɗaya ya isa. Kada saman ƙasa ya ruɗe ka, da ɗigo yawanci a bushe za ka gan shi. Tona kamar tsawon yatsa kusa da gindi, ka dunƙula ƙasar a hannu: in ta haɗu, da sauran danshi, in ta wargaje, a buɗe famfo. Tumatir ba ya son yau ƙishirwa gobe ambaliya, shi ke kawo tsagewar 'ya'ya da baƙin ruɓa a gindinsu. Sannan a lulluɓe kunya da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar ɗan fili a jikin kara saboda gara.

Ga dashen bishiya, kabewa da kankana, ni dai a ganina tukunyar ƙasa ta fi tiyo. A samu tulu wanda ba a shafe jikinsa da komai ba, a cika shi a gani ko yana naso. Wanda ba ya zufa ba shi da amfani a nan. A binne shi har wuya, a yi shuka kimanin taku ɗaya daga jikinsa, a rufe bakin don sauro. Ƙasa busasshiya tana jan ruwan, mai danshi ba ta ja, ke nan tukunyar da kanta take daidaita abin. Kwana biyu zuwa huɗu ake sake cikawa. In nason ya ragu, gishirin ruwa ne ya toshe jikinta, sai a tono a kankare.

Batun kwalliyar tsakar gida kuwa, shimfiɗar koriyar ciyawa irin ta Ingila asarar ruwa ce a ƙasarmu. Shingen lalle, zogale, magarya da darbejiya, da zarar sun kama a shekara ta farko ko ta biyu, ɗan abin da suke nema kaɗan ne. A ware masu yawan sha, irin su ayaba da gwanda, wuri guda kusa da inda ake alwala, a ja musu 'yar magudana. Ruwan wanka ma zai yi wa bishiya, amma ban da mai omo ko bilic, kuma ban da latas da duk ganyen da ake ci ɗanye.